Wanda Ya Hana Inna Barci

Ku matso kusa, 'yan albarka, yau gulmar kaina zan yi. Shekara da shekaru ina bakin tagar nan ina kwasar labarin mutane, wa ya shiga, wa ya fita, wace ce ta dawo daga gidan miji da akwati tana cewa hutu ta zo. To makon nan ni aka ɗora a wuta, kuma da bakina na hura ta.

Ga wanda bai san ni ba, tsohuwa ce ni, amma ba irin wadda ake ɗagawa a zaunar ba. Maigidana ya daɗe da rasuwa, Allah ya jiƙansa. Ya bar min gida mai ɗaki biyu da falo, da taga mai kallon titi, da 'ya'yan da suka ɗauka tun daga ranar na tashi daga mutum na koma kayan ajiya. Ɗan farina, wanda ba na kama sunansa sai dai in ce Babba, ya gina min ɗaki a gidansa can bayan gari. Ɗaki ne har ɗaki, da banɗaki a ciki, da na'urar sanyi, da labule mai nauyi kamar bargo. Sai dai tagarsa katanga take kallo. Na leƙa, na ga ko ƙadangare ba ya wucewa. Na ce masa ai ko a kabari ma mutum yana da maƙwabta. Bai yi dariya ba. Duk zuwan da zai yi sai ya tayar da maganar, ni kuma ina ta zillewa.

Dalilin zillewar rabinsa taga ne, rabinsa kuma abin da tagar ke kallo. Tsallaken titi akwai shagon Mai Agogo. Dattijo ne siriri, fari tas a gemu, hularsa kullum a karkace saboda gilashin nan da yake maƙalawa a ido ɗaya. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa sun watse. Mutumin nan yana iya buɗe cikin agogo ya taɓa abin da bai kai ƙwayar yashi ba, amma ya kasa buɗe bakinsa. Agogon bangona ya sha gyara har ya gaji, alhali lafiyarsa ƙalau. Zai zo ya sauke shi, ya hura, ya goge, ya sha shayi, ya ce, "To Hajiya, a tashi lafiya," ya tsallaka titi. Ni kuma in bi bayansa da harara.

Wata rana na yi masa ƙorafin ɓera, don dai a samu abin faɗa. Washegari sai ga shi da kwalin takalmi ya huda masa ƙofofi. A ciki wata 'yar mage ce, ruwan toka, ƙafafunta farare kamar ta sa safa, kunnuwan sun fi kan girma. Ya ce mace ce, ba ta da rigima. Wannan ce kyauta ta farko da ya taɓa ba ni, don haka na karɓa hannu biyu. Na ɗauki hotonta na tura guruf ɗin gidanmu na waya, jikoki suka yi ta murna, kowa ya san Inna ta yi mage.

Abin da ba su sani ba shi ne zuwan aminiyata. Tsohuwar ungozoma ce, ta karɓi haihuwar rabin unguwar nan, kuma har yau in ta ga abu mai rai sai ta juya shi. Tana zama ta ɗaga magen ta wuya, ta kifa ta a tafin hannu, ta duba ƙarƙashin wutsiya, ta ce da irin muryar da take yi wa masu jiran haihuwa albishir, "Namiji ne." Ashe muzuru aka kawo min. Daga ranar na daina cewa ita, na koma cewa shi. Ban ga abin sanarwa a guruf ba. Wa zai tara 'ya'yansa don ya gaya musu mage ta zama namiji?

Maganar ba shi da rigima kuwa, Allah ya yafe wa Mai Agogo. Da rana ɗan muzurun nan waliyyi ne. Zai naɗe a kan kujera, ya rufe fuska da hannu, ko tukunya ta faɗi ba zai motsa ba. Amma ina kashe fitila sai a sauya min shi. Ya hau labule ya sauko, ya bi ta kan cikina da gudu kamar an biyo shi, ya kama babban yatsan ƙafata ta cikin bargo ya yi ta kokawa da shi. Ya ture min tabarau, ya ture kofin ruwa, ya ja carbina har ƙarƙashin gado. Na fitar da shi falo na rufe ƙofa, ya zauna yana karce katako yana wani siririn kuka kamar jaririn da aka yar, har na ji kunyar maƙwabta na buɗe. Na sa shi a kwali na ɗora littafi a kai, ya fito. Na ƙara masa madara ko ƙoshi zai kwantar da shi, ashe mai na zuba wa injin.

Sai barcin ya koma bina da rana. Na ƙona tukunya. Na yi gyangyaɗi a layin asibiti har aka tsallake ni. Mafi muni, ranar da Babba ya zo gaishe ni, ina tsakiyar ba shi labarin rigimar mai shagon kayan masarufi da matarsa, barci ya ɗauke ni baki buɗe. Da na farka na tarar yana kallona da idon nan nasa irin na ubansa. Ya ce wannan ba lafiya ba ce, kuma in aka sake, mota zai kawo, ba shawara ba.

Na kai ƙara wurin wanda ya kawo bala'in. Mai Agogo ya cire gilashin idonsa ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce laifin na rana ne ba na dare ba. Wai dabbar da ta wuni tana barci dole ta kwana tana farauta, kuma tunda babu ɓera, ƙafata ce ɓeran. Maganin shi ne a hana shi dogon barcin rana, a gajiyar da shi da wasa kafin magariba, a ba shi abinci mai nauyi, in ya yi kuka da dare kuma a yi kamar ba a ji ba. Na ce ni gwiwata ba ta tsalle. Ya ce to zai riƙa zuwa in ya rufe shago.

Ku zo ku ga ikon Allah. Dattijo da furfurarsa, ya tattare riga, ya durƙusa a barandata yana jan zare da gashin kaza a ƙarshensa, muzuru na dirowa ta sama yana kamawa, shi kuma yana dariya har hularsa na faɗuwa. Ni ina kan kujera da sabon zani, na sa turaren da nake ɓoye wa jikoki, ina zuba shayi. Hira ta fara tsawo. Ya ba ni labarin matarsa, na ba shi na maigidana, muka yi musu addu'a tare. Kuma maganin ya fara ci. Na kwana biyu ina barci har da mafarki.

A nan ne hankalina ya tashi. In muzuru ya warke, me zai kawo likita? Don haka, kuma wannan tsakanina da ku ne, na koma ɗaukar ɗan banzan nan da hantsi in kwantar da shi a cinyata, in rufe labule, in yi masa fifita har la'asar. Ya sha barcinsa ya ƙoshi. Da dare ya tashe ni, da yamma Mai Agogo ya zo. Na sayar da barcina na sayi hira, kuma ban ga an cuce ni ba.

Ranar da abin ya fashe, na tashi ido jajir, tabarau kuma ya sake shigewa ƙarƙashin gado. Na lalubo waya don in yi wa Ungozoma saƙon murya kamar kullum. Hoton da ke kan sunanta fure ne, na guruf ɗin gidanmu ma fure ne, wata jikata ce ta sa. Na danna na ce:

"Ƙawata, jiya ma bai bar ni na runtsa ba. Ina rufe ido zai fara kirana. Na ce masa dare ya yi, mu bari sai da safe, ko a jikinsa. Ni kuma ga shi ba na iya yi masa faɗa, ya riga ya shiga raina. Kar ki gaya wa yaran nan, yanzu sa ce a raba mu."

Na ajiye waya na shiga wanka. Ina fitowa na tarar tana rawa a kan tebur kamar za ta faɗo. Jikoki sun cika guruf da fuskokin nan masu zaro ido. Matar Babba ta rubuta innalillahi ta goge, amma na riga na gani. Auta, 'yata ta ƙarshe, wadda bakinta nawa ne sak, ita ta fara samuna a waya.

"Inna, wane ne?"

"Wane ne wa?"

"Wanda ya shiga ranki. Ni fa ban ce komai ba, sunansa kawai nake so."

Na buɗe baki zan ce muzuru ne, sai ga saƙon Babba ya shigo a rubuce, gajere kamar na ofis. Ya ce ko wane ne, in mutumin kirki ne ya zo ya same shi gaba da gaba a gidan Inna ranar hutu. In kuwa bai zo ba, Inna ta haɗa kayanta, ba zai bar uwarsa ta zama abin hira a titi ba. Na karanta, na sake karantawa da tabarau bayan na zaro shi da tsintsiya. Kalma ɗaya za ta kashe wutar nan. Sai na tuna shayin da Mai Agogo ya sha a gidana ba tare da ya ce uffan ba. Na ce wa Auta caji ya ƙare, na kashe.

Ungozoma ta zo da rana ta ce in ji tsoron Allah in gyara magana. Na ce ban yi ƙarya ba, ko harafi ɗaya. Ta ce in mutumin ya musanta fa? Na ce to sai in san matsayina, in je in kalli katanga da hujja. Ta kalle ni ta ce tun muna 'yan mata haka nake, in na ga rijiya sai na leƙa.

Babba bai sha wahalar gano mai laifi ba. Ya tsaya wurin mai kayan masarufin nan ya yi tambaya ɗaya, aka ba shi amsa goma. Mutanen da na koya wa sa ido su suka nuna masa shagon tsallaken titi. Ya aika a gaya wa Mai Agogo ana son ganinsa. Yammacin nan bai zo wasan zare ba, washegari ma haka. Na leƙa ta taga na gan shi sunkuye a kan aiki, bai ɗago ba ko sau ɗaya.

Ranar hutu na share falo, na canja rigunan kujeru, na sa leshina ruwan zuma da mayafin da ya dace da shi, na zizara kwalli don ya rufe jan idon. Muzuru na cika masa ciki da kifi na kulle shi a uwar ɗaki. Babba ya iso cikin farar shadda mai guga kamar takarda, ya ajiye makullin mota a kan tebur inda zan gani. Auta ta biyo shi tana danne dariya. Can sai ga sallamar Mai Agogo. Ya sa babbar riga mai ƙamshin akwati, hular nan yau a miƙe take. Ya zauna a bakin kujera ya haɗa gwiwoyi kamar ɗan makaranta.

Bayan gaisuwa Babba ya yi doguwar shimfiɗa, ya ce yana girmama shi kamar uba, amma uwa uwa ce. Sannan ya kunna saƙon. Ban taɓa sanin muryata tana da yanga haka ba sai ranar. Na ja mayafi na rufe rabin fuska, na bar ido ɗaya yana aiki.

"Baba," in ji Babba, "kai ne kake hana Inna barci?"

Mutumin da ko lambar wayata sai da na rubuta masa a bayan kwalin batir, kuma bai taɓa kira ba. Na ga ya kalli wayar, ya kalli hannuna inda farce ya karce ni, ya kalli ƙofar uwar ɗaki. Gemunsa ya ɗan motsa. Ya gane.

"Ni na jawo mata," ya ce. "Ba zan ɗora wa kowa ba."

Babba ya ce to abin da ake yi a ɓoye da dare bai dace da shekarunsu ba, mai son abu ta ƙofa yake shigowa. Mai Agogo ya share gumi da hannun riga, ya ce ai ta ƙofar ya shigo yau, kuma in za a ba shi, yana neman auren Hajiya. Ya faɗe ta kamar wanda ake cire wa haƙori, amma ya kai ƙarshe.

Da a nan aka shafa fatiha da na ce muku na ci riba. Sai Auta ta tashi wai za ta ɗauko caja a ɗakina. Kafin in ce kar ki buɗe, abu ruwan toka ya wuce ta tsakanin ƙafafunta, ya haye kujera, ya dira a cinyar Babba, ya kafa farce a farar shaddar nan yana hawa kamar labule.

"Kai, sauka! Ɗan banza, jiya ka hana ni barci, yau kuma za ka yaga wa mutane kaya."

Auta ta tsaya da caja a hannu.

"Inna, kai kika ce?"

"Na ce me?"

"Mage ai ke ce. Wannan kai kika ce masa." Ta ɗaga shi ta duba, ta dube ni. "Shi ne mai kiran?"

Sai ta zube a ƙasa tana dariya har da buga kafet. Babba ya sake kunna saƙon, ya saurara yana kallon muzuru, ya kashe. Na ga kunya ta taso masa tun daga wuya. Ya zame daga kujera ya durƙusa gaban Mai Agogo yana ba shi haƙuri. Ya ce an zalunce shi, an tara shi a kan laifin dabba. Ya ce ya gane maganar auren don rufin asirin Inna ya yi ta, irin ta dattawan kirki, kuma sun gode, sun sauke masa ita, ya ɗauka bai faɗa ba. Sannan ya juyo gare ni ya ce tunda har mage na iya mai da ni haka, gara in koma inda za a kula da ni.

Kun ga yadda yaro mai ladabi yake rusa wa uwarsa gini. An buɗe wa mutumin ƙofar fita, an share masa hanya. Ya miƙe tsaye, ya gyara babbar riga. Na ce a raina shi ke nan, katanga ta ci ni. Muzuru ya je yana shafa jiki a ƙafarsa yana leƙen aljihun da zare ke zama. Ya sunkuya ya ɗauke shi, ya daɗe yana shafa masa kai.

"Ɗana," ya ce wa Babba, "na daɗe ina neman bakin da zan faɗi maganar nan ban samu ba. Yau da aka matse ni ta fito. Ka bar ta a waje, ban san ranar da zan iya sake fito da ita ba."

Ya koma ya zauna. Babba ya rasa inda zai sa ido. Can ya juyo, bai kalle ni sosai ba, ya ce, "Inna, ke fa?"

Ni da ake cewa ko a jana'iza sai na samu abin faɗa, yau sai na ɓuge da tattara kofuna. Ta yaya zan dubi ɗan farina in ce ina son namiji? Na ce shayi ya huce, na kwashi tire na shige kicin. Auta ta biyo ni ta rufe ƙofa, idonta duk hawayen dariya, ta ce an aiko ta karɓar amsa. Na ce ta daina yi min kallon nan. Na wanke kofin da yake a wanke, na goge, na sake wankewa.

"Je ki ce wa yayanki, ɗakin nan da ya gina, ya zuba buhunansa a ciki. Zai yi kyau da sito."

Ta rungume ni ta baya har mayafina ya zame, ta fita. Na manna kunne a jikin ƙofa. Na ji ta isar da saƙon, har da ƙarin gishirinta. Sannan Babba ya ja numfashi ya ce Allah ya sa alheri, na ji ƙarar makulli ya koma aljihu.

Sai Mai Agogo ya yi gyaran murya. Ya ce ya gode, amma kafin magana ta je ko'ina yana da sharaɗi guda, kuma ba zai faɗe shi gaban yara ba, Hajiya kaɗai zai gaya wa. Na ji Babba ya ce wa Auta su jira a mota, tana gunaguni yana jan ta. Ƙofar falo ta rufe.

Na ja da baya daga jikin ƙofa, na rarumi kofi don a same ni da aiki a hannu. A raina na ce Allah ya sa ba asirin fifitar hantsin nan ya gano ba. Mutumin da bai taɓa wuce barandata da falo ba, ga takunsa nan a hankali yana nufo kicin, muzuru na biye da shi yana kuka.